Abin da Na Faɗa wa Jibo Ranar da Robonsa Ya Tsaya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga mai sunan Baba. Ina gaishe ka, ina yi maka barka da cin jarrabawa. Allah ya sa albarka ga karatun da ka yi da wanda ke gabanka, ya kai ka Illela lahiya, ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin mutane, da kuma sharrin bakinka, wanda shi na hi jin tsoro.

Za ka yi mamakin takarda daga mutumin da kuke kwana gida ɗaya. Ka san dalili. Kai ɗan fari ne, kuma sunan mahaihina gare ka. Ban taɓa kiran sunanka ba, ba ni kuma iya zaunar da kai gabana in yi ta zuba awa malamin lakwal, makarantar boko. Shekara goma sha shida, maganar da ta hi tsawo tsakanina da kai cikin wasan yaƙin robo na waya munka yi ta, ni ina ihu "koma baya, koma baya," kai kana ce mini "sun zagayo ta hagu." To ga takarda. Rubutuna ba na aji ba ne, in ka ga baƙi ya karkace ka wuce, kada ka tsaya yi mini gyara.

Ran Asabar za ka sauka gidan Jibo, can za ka zauna har ka gama lise, babbar sakandare. Innarka ta ce maka abokina ne na da. Gaskiya ta faɗa, amma rabi. Ni zan ba ka sauran, don in ban ba ka ba wani zai ba ka a Illela, kuma da muryata zai ba ka, don har yau tana cikin wayoyin mutane.

Wasan nan Lawali ya kawo mana shi, makaniken Malbaza da ke gyara mini babur. Lokacin ina tsayawa jiran fasinja a rumfar mai shayi, inda motocin siminti ke jeruwa. Ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Iro, saurara, don na san ba ka sauraro. Mutum shida nan, shida can. Kowa na da robo biyar cikin garejinsa. In anka farfasa ɗaya ka hau wani, in sun ƙare ka zama ɗan kallo. Hitila biyar ke cikin hilin. Ka tsaya jikinta kaɗan, ta koma launinku. Ɓangaren da ya hi riƙe hitilu, sandar abokan gabansa ce ke raguwa can saman waya, in ta ƙare sun faɗi. Minti goma ne duka."

Duk cikin bayanin nan kalma ɗaya ta shiga kunnena: farfasa.

Na ɗauki robo mai sauƙin jiki, wanda muke kira kabu-kabu don gudunsa. Ana buɗe hili sai in ɓalle, in bar mutanena baya, in faɗa tsakiyar mutum huɗu ni kaɗai. Kahin minti uku na ƙone robo uku. Sai in ɗaga kai in hau faɗa: ina kuke, mi kuke jira, ku matattu ne? Lawali ya ce, "Muna tahe. Kai ka yi gaba awa an biyo ka da sanda." Wata shida na yi ina wannan hauka ina ɗora wa mutane laihi. Babu wanda ya yashe ni, ni ke yashe su. Kai ma haka kake wasa, na gan ka. In ka shiga Illela kada ka yi mata shigar kabu-kabu. Ba ka san inda bango yake ba, ba ka san wa ke bayan bangon ba. Ka yi sati biyu kana kallo bakinka ruhe, ka san wa ke wa, wa ke gaba da wa, sannan ka zaɓi wanda za ka yi tahiya da shi.

Abin da ya hi ba ni haushi yanzu in na tuna, ranakun da nika kashe robo bakwai, takwas, sunana ya hito sama, amma mu faɗi. In yi ta nuna wa ƴan rumfa waya, ku duba, ni na yi aikina. Wane aiki? Ina can gehen hili ina bin wani ɗan banza da ya tsokane ni da roka ɗaya, su kuwa sun bi bayana sun kwashe hitila huɗu. Masu wayo da gangan suke yi. Su aiko ɗaya ya taɓa ka ya gudu, don sun gane kai mai zuciya ne, za ka bar wurin da anka aje ka ka bi shi. A lise za ka haɗu da irinsu. Wani zai ce maka ɗan ƙauye, wani zai ce ubanka ɗan kabu-kabu ne. Gaskiya ne, ni ɗan kabu-kabu ne, sai mi? In ka bar littahinka ka bi shi, ko ka fasa masa baki, shi ya ci. Kai ne za a kira buro gaban shugaban makaranta, kai ne za a koro gida, shi yana zaune cikin aji.

Sai Jibo.

Tun muna yara rugarsu ke sauka gonar Baba bayan girbi, shanu su ci kara su bar mana taki. Tare munka yi ƙuruciya. Innarsa Hajo ita ke kawo nono gidanmu, kuma lokacin da anka yaye ka ka ƙi cin komi, nononta anka dama maka hura da shi har ka tashi. Da ya sayi waya, ni na sa masa wasan, ni na nuna masa inda zai danna, don bai karatu. Na ce ya ɗauki robo mai manyan bindigogi. Ya ƙi. Ya zaɓi wanda muke kira likita, wanda bindigarsa ba ta kashe ko kaza, aikinsa ya bi na gaba yana mayar masa da ƙarhinsa in anka harbe shi. Na yi dariya na ce wannan robon mata ne. Ya ce, "Ni kiwo na iya. Ku shige gaba in bi ku."

Kuma wallahi kiwonmu ya riƙa yi. Mu duka idonmu na kan wanda muke harbi, shi idonsa na kan hilin gaba ɗaya. Sai ka ji muryarsa a hankali: "Lawali ya ware daga garke, a jira shi." Ko ya ce, "Iro, bindigarka ta kusa ƙarewa, shiga bayan dutsen nan ta cika." Shi ya koya mini kada in zazzage harsashina kan mai garkuwa. Ka bari garkuwar ta sauka, daƙiƙa kaɗan ce, sannan ka buɗe wuta. Da nika yi, in ga mutum ya ɗaga garkuwa, zuciya ta ɗebe ni in juye masa duk abin da ke gare ni, garkuwa ta sha, ta sauka, ni kuma ina tsaye bindiga wayam. Da Jibo na bar kabu-kabu na koma babban robo mai nauyi, wanda muke kira tirela, in dasa shi a hitilar tsakiya, shi yana bayana. Mutum uku sai su taru kaina su kasa tayar da ni. A rumfa ana cewa Iro ya iya. Ni kuma na yarda. Ko sau ɗaya ban ce ku duba wa ke bayana ba, don sunansa kullum ƙasa yake hitowa, ba ya kashe kowa.

Ka riƙe wannan in ka shiga gidansa. Akwai wadda za ta tashi ta hura wuta don ka sha kunu kahin ka tahi aji, akwai wanda zai matsa maka wurin shimhiɗa. Ranar da sakamako ya hito sunanka za a kira, ba nasu ba. Kada ka zama jaki irin ubanka. Ka ɗebo ruwa ba a ce ka ɗebo ba. Ka gaishe da matarsa da sahe, durƙushe, ba daga tsaye kana danna waya ba.

Shekara uku ke nan da abin ya faru. Ƙarshen damina ne, gero ya yi kai, ba a kai ga sakin gonaki ba. Ka san yadda lokacin yake wajenmu, manomi da makiyayi kowa ransa a wuya, saniya ɗaya ta sa baki cikin gona sai ka ji an zaro sanduna. Wasu samari na Konni sunka ƙalubalance mu, ekip da ekip, shidansu da shidanmu, wasa uku. Sun daɗe suna mana ba'a cikin gurup ɗin hira na waya, wai mu ƴan ƙauye da rezo, wato sabis ɗin waya, mai tari. Munka sa bayan la'asar. Ni da Lawali da sauran muna rumfa a Malbaza. Jibo yana daji da shanu, ya hau wani tudu gabas da garinmu na wajen Tajaye, inda rezo ke kamawa.

Munka ci na farko, sunka ci na biyu. A na uku hitila biyu tamu, biyu tasu, ta tsakiya kuwa ina kanta da tirelata, robona na ƙarshe. Saura minti ɗaya da wani abu. Sunka taho su uku. Ban ji tsoro ba, na san wa ke bayana. Sai na ga ƙarhina na sauka ba ya dawowa. Na juya. Ga likitan Jibo tsaye, huskarsa ga bango, ko motsi. Na ce Jibo! Jibo! Shiru. Sunka farfasa ni, sunka bi ta kansa, sunka karɓe hitilar. Munka faɗi.

Kahin in aje waya ƴan Konni sun cika gurup da dariya. Na kira Jibo, waya tana ringin ba a ɗauka. Na sake kira. Sai na danna vokal, saƙon murya, cikin gurup ɗin da ke da mutanenmu da nasu, na buɗe baki.

Ba zan rubuta maka duka ba, hannuna ba ya yarda. Amma ba zan ɓoye maka irinsa ba. Na ce Bahillace ba ya da amana. Na ce wanda ya tashi bayan shanu, kan shanu gare shi. Na taɓa uwarsa. Hajo. Na kira sunanta.

Lawali ya kama mini hannu ya ce, "Kai, Iro! Ka yi hauka? Goge shi."

Na ce, "Ba ni gogewa, ya ji."

"Goge shi, don ubanka, wannan ba zagin wasa ba ne."

Mai shayi ma ya aje butarsa ya ce, "Iro, da wannan bakin kake salla?"

Sai da na sha shayi zuciya ta sauka na goge. Minti goma sha biyar bai kai ba. Amma an riga an tura shi gaba. Ƴan Konni don dariya sunka tura, waɗanda sunka karɓa daga hannunsu ba dariya sunka ji ba. Babu wanda ya ji maganar robo ko hitila a ciki. Abin da anka ji, ɗan manoma na wajen Tajaye yana zagin Hillani, gero na tsaye a gona.

Ga abin da ya faru a tudun. Jibo na cikin wasa ya ɗaga kai ya ga shanu shida sun ɓalle sun nuhi gonar Malam Ada. Ka san Malam Ada, ka san ɗiyansa, ka san abin da sunka taɓa yi wa wani makiyayi kan abin da bai kai wannan ba. Jibo ya yar da waya ya zura da gudu. Ya tare su saura taki kaɗan su shiga. Da ya dawo ya iske wata saniya ta taka wayar, gilashin ya yi raga-raga, tana ƙara amma ba ta dannuwa. Kwana biyu bai san ma na yi magana ba. Mahaihinsa ne ya fara ji, a kasuwa, cikin wayar wani, gaban mutane. Dattijon da ya ɗauke ni a kafaɗa ina yaro.

Da ya tsaya ya gama minti ɗayan nan da nika so, da mun ci ƴan Konni, da kuma wataƙila an yi jana'iza a garinmu.

Ka ji ni da kyau, mai sunan Baba. In robon mutum ya tsaya a hili, abin da ka gani ke nan: robo ya tsaya. Ba ka ga mutumin ba. Ba ka san ko rezo ya yanke ba, ko wayarsa ta tsallaka ta kama layin Najeriya kamar yadda take mana in mun matsa iyaka, ko caji ya mutu, ko uwarsa ta kira shi, ko yana gudu ne ya tare masifa. Haka in aboki ya yi maka shiru, haka in malami ya wuce bai amsa gaisuwarka ba. Ka tambaya tukuna. In kuma zuciya ta ci ka dole sai ka yi zagi, ka shiga bayan ɗaki ka zagi bango. Kada ka danna wannan maɓallin. Zagin baki iska ke ɗauka, na waya aje shi ake yi.

Amma ba vokal ɗin ne ya hi hana ni sukuni ba. Abin da na yi bayansa ne.

Bayan sati guda munka haɗu a kasuwa. Ya gaishe ni gaisuwa cikakka, ina gida, ina iyali, ina aiki, yaya yara, irin wadda ake yi wa baƙon da ba a sani ba. Na tsaya ina soshe-soshe. Lawali ya riga ya ba ni labarin gonar Malam Ada, na san komi. Kalma uku ta rage gare ni, ka yahe mini. Sai na ji bakina ya ce, "To ai da ka faɗa mana za ka tashi."

Ya dube ni ya ce, "Da wace wayar?"

Na ce, "Mu dai mun ga ka tsaya."

Ya ce, "Robo ne ya tsaya, Iro. Ni gudu nika yi."

Ya ja akuyar da ya zo saidawa ya wuce. Hajo ba ta sake bi ta ƙofar gidanmu da ƙwaryarta ba. Bayan girbi rugarsu ba ta sauka gonarmu ba, karon farko tun Baba na da rai. Shekarar da ta biyo sunka tashi sunka koma wajen Illela. An ce makiyaya ce ta yi musu ƙunci. Wataƙila haka ne. Ni dai na san ban je na yi musu sallama ba, ina gida ina cewa ai shi ma ya cika riƙo. Shekara biyu ina bi ta Illela da fasinja, in na zo mararrabar da ke zuwa gidansa sai in ƙara wuta. Kullum ina cewa sai na samu lokacin da ya dace. Ƙarya ce. Girman kai ne, da tsoro. Ranar farko abin na da sauƙi, ranar ta bakwai ya yi nauyi, yanzu ko ɗaga shi ba ni iyawa. In ka yi wa mutum laihi, ka je ranar. Ko kana jin kana da rabin gaskiya, aje rabin naka ka je.

Da sakamakonka ya hito, mun rasa inda za ka sauka, ba mu da kowa a Illela. Innarka ta haɗu da matar Jibo wurin wani suna, hira ta kawo maganar. Bayan kwana uku saƙon Jibo ya zo, ba gare ni ba, ga innarka. Ya ce, "Yaro ya zo. Yaro bai yi vokal ba."

Na hita bayan gari da babur na zauna ƙarƙashin wata itaciyar bedi har rana ta karkata. Da zagina ya aiko da shi da na hi jin daɗi.

Duk da haka da ban rubuta wannan ba, da na bar ka ka tahi da rabin labarin innarka. Abin da ya sa ni, ran Talatar da ta wuce na zo wucewa bayan rumbu, kana zaune da waya kuna wasa. Wani cikin ekip ɗinku ya bar hitila. Na ji ka ce masa, "Kai kan shanu gare ka?" Da muryata, da yadda nika jan ta. Na tsaya da igiyar rago a hannu. Na so in fizge wayar in mare ka. Da wace huska? Ba a titi ka tsinto ta ba, a gidan nan ka tsince ta, kana zaune gehena ina wasa. Na wuce, kai ko ganina ba ka yi ba.

Wannan kalmar za ka shiga da ita gidan mutumin da anka yi ta dominsa. Yana da ɗiya maza biyu, suna wasan nan, za su ja ka cikin ekip ɗinsu, kuma wata rana ɗayansu zai bar ka kai kaɗai a hitilar tsakiya. Dole ne, haka wasan yake. Ranar nan nika tsoro. In ta kuɓuce maka cikin gidan nan, Jibo ba zai kore ka ba, na san shi. Zai ci gaba da ba ka abinci, ya riƙa gaishe ka gaisuwa cikakka. Za ka gwammace ya kore ka.

Ba ni ce maka ka bar wasan ba. Ni ma ban bari ba, ba zan yi maka wa'azin ƙarya ba. Ka yi bayan ka gama aikin lakwal, ka aje in an kira salla ko an aike ka, ko da saura daƙiƙa goma ku ci. Abu ɗaya nika roƙo. Wata uku na farko ka hau likita. Za ka ji haushi, sunanka zai riƙa hitowa ƙasa, ba mai yaba maka. Amma daga baya ake ganin hilin duka, kuma wanda ke tsaron ran wani ba ya samun sararin zagi. Ni sai bayan Jibo ya tahi na hau shi, don ba wanda ya yarda ya hau. Ranar na gane nawa ne aikin da yake yi mini ina ce masa robon mata.

Da na shirya da Lawali shi zai kai ka ran Asabar, na ce masa ina da fasinjan Bazaga. Ba ni da wani fasinja. Ɗazu ina tsakiyar rubutun nan na kira shi na ce ya bari. Ya ce, "Sai yau?" Na ce sai yau.

Ni zan kai ka. In mun isa ka gaishe da Jibo, ka ɗauki jakarka ka shige ciki, kada ka tsaya. In ka ji shiru ya yi tsawo a waje kada ka leƙo, ubanka ne ke neman inda zai fara. Daga wurinsa zan nemi iso ga Hajo da tsohon, in sun yarda su gan ni. In ba su yarda ba, hakkinsu ne, zan koma wani satin. Kai dai ba abin da ya shahe ka, wurinka na nan, shi ya faɗa, kuma bai taɓa faɗin abu ya canza ba.

In ka gama karantawa kada ka zo ka ce mini ka karanta. Ka wanke babur ran Juma'a da yamma, zan gane.

Allah ya kai mu lahiya, ya sa ka shiga gidan da ƙafar dama. Allah ya buɗe maka karatu, ya haɗa ka da abokai masu jiran na baya, ya tsare ka daga ciwo da haɗari da mugun ido. Allah ya saka wa Jibo da iyalinsa da alheri, ya ba Hajo lahiya da tsawon rai. Allah ya ba ka zuciyar innarka, ya raba ka da harshena. Amin.

Wassalam.

Mahaihinka,
Iro